Mutum Ɗaya, Suna Uku: Tafiyarmu Damagaram Neman Takardar Yaye

Haƙƙin da ke kan magatakarda shi ne ya rubuta abin da yake gaskiya, ya adana shi, ranar da aka nema ya fito da shi. Haƙƙin da ke kan wanda aka kai wa takarda kuwa shi ne ya karanta ta har ƙarshe kafin ya yanke hukunci. Na yi iyakar ƙoƙarina wajen sauke na farkon. Ko an sauke na biyun, mai karatu zai gani da kansa.

Tun da muka dawo daga Damagaram abokan aiki a masaƙarmu ta Sharada ba su bar ni na huta ba. A bakin ƙofar shiga, a masallaci, a teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Akawu, wai da gaske an tsare ku a kan iyaka?" Labarin ya yi ta kumbura a bakin mutane har na ji ana cewa an sa mana ankwa. Ba a sa mana ba. Saboda haka na ga ya dace in rubuta shi sau ɗaya, daga ɗan littafin da na riƙe a hanya. Wanda ya tambaya in miƙa masa, kwafi ɗaya kuma in aika wa hukumar kwalejin da abin ya shafa.

Malam Idi shi ne shugaban makanikai a ɗakin injunanmu, shekararsa goma sha ɗaya tare da mu. Karatun boko da girmansa ya yi shi, a ajin yamma, har ya kai yana karanta littafin inji da Turanci yana bin layi da yatsa. Bara manaja ya kafa sanarwa cewa daga baɗi ba wanda zai riƙe wannan matsayi sai mai satifiket. Mutum uku ne za su iya hawa kansa da wannan doka, kuma duk ukun shi ya koya musu riƙon sifana.

Ana cikin haka wata kwalejin fasaha ta sanar da kwas na shekara biyu, tare da sassauci guda. Wanda ya kawo shaidar cewa ya koyi sana'ar a hannun ubangida, ya kuma yi aiki da ita fiye da shekara goma, za a lissafa masa abin da ya sani a matsayin shekarar farko, muddin ya ci gwajin hannu. Kamfaninmu hutun karatu na shekara ɗaya tak yake bayarwa. Wato idan an lissafa wa Malam Idi saninsa, ya shiga. Idan ba a lissafa ba, babu karatu, babu matsayi. Kwalejin ta ce asalin takardu take so, kuma sai magatakardan wurin aikin mutum ya sa hannu cewa ya ga tushensu da idonsa. Takardar yayen Malam Idi, wadda ubangidansa ya rubuta masa ranar da ya gama koyon aiki, tana Damagaram cikin adakar tsohon. Abin da ya fitar da ni daga ofis ke nan.

Sai in tuna wa mai karatu lokacin. Watanni kaɗan ne da korar baƙi marasa takarda. Malam Idi yana da izinin zama, amma a wannan shekara duk mutumin ƙetare a Sharada da Bompai a hankali yake magana, mai takarda da marar ita.

Da Bompai muka fara, domin a can ya yi shekara huɗu a wani kamfanin man gyaɗa kafin ya zo mana. Muka tarar kamfanin ya daɗe da rufewa, ginin ya zama siton siminti. Na tambayi maigadi inda aka kai fayilolin ma'aikata.

"Takardu?" ya ce. "Ai masu ƙosai sun taimaka mana da su. Shekara biyu unguwar nan tana cin ƙosai a cikinsu."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Shekara huɗu na ran mutum ne aka ƙunshe ƙosai da su.

Maigadin ne ya gaya mana cewa tsohon shugaban su Malam Idi, Malam Bitrus, mutumin Filato, yana wata majemar fata a Challawa. Warin majema ya tarbe mu tun daga kan kwana, na rufe hanci da hankici, masu aikin suna kallona suna murmushi. Malam Bitrus ya fito da dogon takalmin roba, ya rungume Malam Idi, ya ce zai rubuta shaida ko shafi goma ne. Da ya ɗauki biro na ce masa ya rubuta Idi Damagaram, kamar yadda yake a rajistarmu.

"Damagaram?" ya ce. "Yaushe aka naɗa shi? Mu Idi Faransa muke ce masa."

Muka yi dariya, ya rubuta yadda na ce. Da ina da lura da tun a nan na tsaya na yi tunani a kan sunan. Ban yi ba, kuma na rubuta wannan a kan kaina.

Ranar Asabar da safe na biya gidan Malam Idi a Zawaciki na ɗauke shi. Maiɗakinsa ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce, "Malam, ku kuka tafi da shi, ku za ku dawo da shi." Na ce in Allah ya yarda. Wannan magana ta bi ni har Damagaram ta dawo da ni.

Wata babbar mota mai ɗauke da kwanukan sha daga Bompai zuwa Daura muka samu, muka zauna gaba tare da direba. Damina ce. Na naɗe fayil cikin leda biyu, na sa shi cikin rigata ta ciki, domin rufin motar yana ɗiga daidai kan gwiwata. Bayan mun wuce Kazaure injin ya yi tari sau uku ya mutu. Direba ya fara salati yana cewa famfon mai ne, sai an aika Kano. Malam Idi ya buɗe ƙofa. Ya sauka cikin yayyafi, ya sa aka murza makulli, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya ce iska ce ta shiga bututun mai. Ya sassauta noti ɗaya, kumfa ta fita, ya ɗaure, mota ta tashi. Na duba agogo na rubuta: minti goma sha huɗu. Direban ya ce, "Wannan ai ba makaniki ba ne, likita ne." Na ce masa likitan ne muke kaiwa neman shaidar cewa ya iya. Bai gane ba, ya ɗauka wasa nake.

Daga Daura muka shiga ƙaramar mota zuwa kan iyaka. A ɓangarenmu ba mu daɗe ba. Da muka ƙetare sandar ɗaya ɓangaren na ga abin da ban taɓa gani ba, wato ranar da karatuna bai da amfani. Allo da Faransanci, fom da Faransanci, tambaya da Faransanci. Na amsa da Turanci, jandarman da ke wurin, wato ɗan sandansu, ya dube ni kamar na yi atishawa, sannan ya koma Hausa. A nan na fara ganin katin shaidar Malam Idi na ƙasarsu. Na leƙa ta kafaɗarsa na karanta: Idrissa Harouna.

Da muka koma mota na ce, "Malam Idi, wane ne wannan?"

"Ni ne mana. Idrisu. Na biyun na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Haka suke rubutawa."

"To, Damagaram fa?"

"Wannan ai kai ka ba ni, Akawu."

Suna biyu ke nan, kuma ni zan sa hannu cewa mutum ɗaya ne.

Mun isa Damagaram bayan la'asar, muka sauka a unguwar Zango, gidan Alhaji Mamman mai gareji, ubangidan Malam Idi. Tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan tabarma a zaure. Malam Idi ya cire takalmi tun daga waje, ya yi sallama. Tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Maisunan Baba?" Shugaban makanikan da mutum ashirin ke tsayawa idan ya shigo ɗakin injuna ya zube ƙasa ya ce, "Na'am, Baba." Tsohon ya laluba hannuwansa, ya shafa tafin, ya ce, "Madalla, ba ka bar aiki ba."

An ba mu shago a ƙofar gida. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwa. Aka kawo buta ba ta cika ba, na yi alwala irin ta Kano na ƙarar da ita, sai na ga Malam Idi ya sunkuyar da kai. Ashe ta mu biyu ce. Ruwa a garin nan abin tattali ne, ba a zubar da na wankin hannu sai a gindin shuka. Ba wanda ya yi mini magana, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Abinci kuwa ban da abin cewa. Tuwon gero da miyar kuka mai man shanu, kilishin da ya fi namu kauri da yaji. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Shayinsu a ɗan mitsitsin kofi ake sha, sau uku. Na sha na farko na yi godiya na miƙe, aka ce in zauna, ba a tashi sai an sha na uku. Hausarsu tamu ce, sai dai makaranta lakwal ce, babbar mota kamiyo, kuma in mutum ya yarda da magana sai ya ce awo.

Ranar Lahadi da hantsi tsohon ya sa aka ɗauko adaka. Takardar tana ƙasan wata tsohuwar alkyabba, naɗe cikin fata. Rabin sama da ajami ne, rubutun hannunsa: cewa ya yaye wannan bawan Allah bayan shekara bakwai, ya iya injin gas da na fetur, ya iya walda, bai taɓa ɗaukar ko noti na wani ba. Rabin ƙasa fassarar Faransanci ce da hatimin ofishin gari. Na nemi wurin suna. A ajamin an rubuta Maisunan Baba. Akawun da ya yi fassarar kuma ya ɗauka suna ne na yanka, ya rubuta Maisuna a gurbin suna, Baba a gurbin mahaifi.

Suna uku.

Na gyara zama na ce, "Alhaji, ku yi mini haƙuri. Takardar nan ba za ta yi aiki ba sai da sunansa na gaskiya. Ku taimaka ku rubuta wata, ku sa sunan."

"Sunan mahaifina ne," ya ce.

"Na sani, ranku ya daɗe. Amma kwaleji..."

"Ɗana, na haura tamanin bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Ranar da aka kawo mini shi, aka faɗi sunansa, na ce to, wannan ba zan zage shi ba, ba zan buge shi ba, ba zan kira shi ba. Sauran yaran gareji sun sha bel, shi bai sha ba. Yanzu don kwaleji zan fara?"

Ni ma ban taɓa kiran sunan nawa mahaifin a gabansa ba. Amma na ga shekara ashirin da biyu na aikin mutum suna shirin tafiya saboda kunya. Malam Idi ya ce mini a hankali, "Akawu, bari. In babu rabo shi ke nan."

Tsohon ne ya samo mafita. Ya aika aka kira limamin unguwa. Ya ce, "Malam, ku rubuta: wannan da nake kira Maisunan Baba, sunansa sunan mahaifina ne. Ku kun san sunan, ku sa shi." Liman ya rubuta da ajami cewa Maisunan Baba shi ne Idrisu ɗan Haruna, wanda ake kira Idi Damagaram a Kano. Da zai karanta a fili, tsohon ya kau da kai ya dubi bango. Da aka gama ya ce, "Awo, haka ne," ya dangwala yatsa. Liman ya sa hannu, ni ma na sa.

Ranar Litinin muka je ofishin gari neman hatimi. Muna isa ana rufe ƙofa, ƙarfe goma sha biyu. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe al'adarsu ce, kowa ya tafi gida ya kwanta sai wajen la'asar a dawo. Muka zauna gindin bedi, wato darbejiya. Amma dole in faɗi gaskiya a kan akawun da ya dawo. Ya dubi lambar tsohon hatimin, ya shiga ciki, ya fito da rajistar shekarar da aka yi yayen, ya buɗe daidai shafin. Ba ɓera, ba ƙosai. Ya buga hatimi a takardar liman, ya ƙara layi biyu da Faransanci. Na sa ta cikin ambulan daban, na rubuta a bayansa da Turanci cewa a fara karanta wannan. Na ji kishi irin na abokin sana'a, na kuma gode masa.

Ranar Talata muka kamo hanyar gida. Tsohon ya riƙe takardar yayen da hannu biyu kafin ya sake ta. Ya ce mini, "Amana ce. Ba ni da idon da zan rubuta wata."

Mun iso kan iyaka da hantsi. A ɓangarensu aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jandarma dogo mai tsage a kumatu ya ga tudun da ke cikin rigata, ya ce in fito da shi. Ya zare ledar, ya shimfiɗa takardun a tebur: katin kamfani, katin ƙasa, takardar yaye. Ya karanta ɗaya, ya karanta biyu, ya karanta uku. Ya dubi Malam Idi.

"Ina sauran biyun?"

"Waɗanne, ranka ya daɗe?"

"Ga mutum uku a tebur, ga ɗaya a tsaye." Ya juyo kaina. "Kai ne mai yi musu takardu?"

Na fara bayani, maganar ta sarƙe. Na miƙa masa ambulan, ya ture shi gefe ya ce wanda ya iya yin uku zai iya yin huɗu. Ya ce da direbanmu ya tafi. Na ga motar ta ƙetare sanda da sauran fasinjoji, wata mata a ciki tana kallonmu tana girgiza kai.

Aka sa mu a wani ɗaki mai benci ɗaya da taga mai ƙarfe. Ba a kulle ƙofar ba, amma an ajiye mai bindiga a bakinta. Ta tagar nake hango teburin. Jandarman ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar yayen don kada iska ta ɗauke ta, kuma duk lokacin da ya ɗaga kofin sai in ga iska tana ɗaga gefenta. Goma sha biyu ta yi, babbansu ya hau babur ya tafi hutun rana, aka ce sai ya dawo za a san ko Damagaram za a mayar da mu a mota mai rufi. Na tuna ba wanda ya san inda muke. Na tuna muryar da ta yi mini magana daga bayan ƙofa a Zawaciki. Na buɗe littafina zan rubuta lokaci, biro ya ƙi tsayawa a kan layi. Wannan shafin yana nan, duk mai so ya zo ya gani.

Malam Idi ya ce, "Akawu, in sun riƙe ni, kai ka tafi. Ka ce wa iyali..."

Na ce ya yi shiru.

Da azahar ta yi muka roƙi ruwan alwala, aka bar mu muka fito bayan ɗakin. Malam Idi ya tsuguna, ya ba teburin baya, yana wanke hannu. Ni ina tsaye ina jiran buta, saboda haka na ga abin da ya faru. Jandarman ya buɗe ambulan ya karanta, ya sake karantawa. Ya taso ba tare da ƙarar takalmi ba, ya tsaya nesa kaɗan, ya sassauta murya kamar ta tsoho, ya ce:

"Maisunan Baba."

"Na'am, Baba!" Malam Idi ya saki buta, ya juyo a durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa, kafin ya ga wanda ya yi kiran.

Jandarman ya tsaya yana kallonsa. Can ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Wannan ba a koya wa mutum shi a hanya." Ya tattara takardun, ya goge da'irar da gindin kofi ya yi da hannun rigarsa, ya miƙa mini. Ya ce shi ma kakarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, Maigida take ce masa, har a lakwal aka kusa rubuta masa haka. Bai jira babbansu ba. Ya tsayar mana da motar albasa, muka hau baya. Sai da na ga hasumiyar masallacin Daura sannan na ji yunwa.

Ranar Alhamis ta mako na gaba muka je kwalejin. Na miƙa fayil ga sakataren kwamiti, na karɓi rasit mai jerin takardu shida. Na liƙe bakin ambulan ɗin nan da sabon danƙo na sa hannu a kan liƙin, kamar yadda aka koya mini. Aka shiga da Malam Idi gwajin hannu. An ba shi awa biyu, ya fito kafin awa ɗaya ta cika. Malamin da ya gwada shi ya gaya mini a gaban mutane cewa ba abin da zai koya masa a shekarar farko.

Bayan kwana tara wasiƙa ta zo. Layi huɗu ce. An ce sunayen da ke kan takardun ba su dace da juna ba, saboda haka ba za a lissafa masa komai ba, kuma an riƙe asalin takardun domin bincike kan yiwuwar jabu. Na je da kaina na roƙi minti biyar. Sakataren ya ce kwamiti ya gama zama. Fayil ɗin yana kan teburinsa, na ga ambulan ɗina a ciki, sa hannuna yana nan a kan liƙin bai tsage ba. Na nuna masa. Ya ce ba a gabatar da hujja bayan hukunci. Na dubi sunan da ya sa a ƙasan wasiƙar: haruffa biyu, sannan sunan garinsu.

Tun daga ranar Malam Idi bai ƙara zama daidai ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar masaƙa sai ya ɗaga kai. Idan aiki ya kai shi Bompai sai ya zagaya don kada ya bi ta gaban hedikwatar 'yan sanda, alhali ba wanda ya neme shi. Kalmar jabu a wannan shekara, a kan mutumin ƙetare, ba ƙaramar kalma ba ce. Ni ma ba na jin daɗin ƙarar wayar ofis. Rajistar ɗalibai kuma za a rufe ta ƙarshen wata.

Saura abu ɗaya da dole in faɗa. Na je na buɗe tsohuwar rajistar ma'aikatanmu, shafi na arba'in da ɗaya. Rubutuna ne. Ina sabon akawu a lokacin, manaja ya ce kowa sai da suna biyu. Mutumin ya ce Idi. Na ce Idi wa? Ya sunkuyar da kai, domin mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba kuma bai saba kama sunan ba. Layi ya yi tsawo, sai na yi masa yadda aka yi mini a makaranta, na ce daga ina? Ya faɗa, na rubuta. Ubangidansa ya ba shi suna ɗaya don girmama uba, ni na ba shi ɗaya don sauri. Shi bai ƙirƙiri ko ɗaya ba.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon hukumar kwaleji ta sa a sake zaman kwamiti kafin a rufe rajista, a buɗe ambulan ɗin a gabana, a karanta abin da ke ciki. Ajami ne, ban yi tsammanin za a rasa mai karanta shi a cikinku ba. Ina roƙon a bincika yadda aka yanke hukunci a kan takardu shida alhali biyar aka karanta, a kuma janye kalmar jabu a rubuce, kamar yadda aka sa ta a rubuce. Takardar yayen amana ce ta tsohon da ba shi da idon rubuta wata, ina neman a mayar mini da ita hannu da hannu, ko an karɓi Malam Idi ko ba a karɓe shi ba. Idan akwai wanda za a tuhuma a kan sunan nan, rajistar tana ofishina, zan kawo ta da kaina, laifin yana shafi na arba'in da ɗaya.

Idan kuwa bayan duk wannan kwamiti yana da sauran shakka, ba na neman a yi mana fiye da abin da jandarma ya yi mana a kan iyaka. Zan kawo Malam Idi harabar kwaleji ranar da kuka zaɓa. A bari ya ba da baya, wani dattijo daga cikinku ya kira sunan da ke kan takardar yayen, ku ga wanda zai durƙusa.

Ni ne,
Magatakardan ma'aikata,
Sharada, Kano.